Sallamar Da Ba A Jira Amsarta Ba

Assalamu alaikum mutanena na wannan shafi. Na ga ƙorafinku, har da baiwar Allahn da ta ce miyarta ta kama saboda ni. Ku yi haƙuri. Wanda ya shigo yau ma ya nemi wuri ya zauna, ba zai ɓata ba. Sunana Bara'atu, amma a gidanmu ba mai kirana da shi, sunan mahaifiyar Baba na ci, don haka Ummi ake ce min. Mutum ɗaya ne yake cika bakinsa da sunan nan har ƙarshensa, kuma a ranar da zan ba ku labarinta, na yi makonni ban ji ɗuriyarsa ba.

Ranar kasuwar Birnin Gwari ce. Tun da sassafe gidanmu ya kaure da ƙamshi. Mama ta kwana da ƙullun waina, ta dafa zoɓo ta zuba masa citta da kanumfari, an share zaure an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sababbin tabarmi da dardumar da Baba ba ya fito da ita sai da dalili. A kan gadona ga leshi ruwan zuma an goge an ninke, ga mayafinsa, ga takalmin da ke matse min ɗan yatsa. Bayan la'asar iyayen Bilyaminu za su zo neman aurena wurin Baba.

Kafin ku fara tsine-tsine a ƙasan rubutun nan, ku tsaya. Ba wanda ya yi min dole. Bilyaminu malamin makaranta ne, mutumin kirki, in ya zo zance can nesa yake tsayawa yana gyara hula kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ni da bakina na ce to. Na ce to ne don na gaji da yadda Mama ke kallona in an kawo katin bikin ƙawayena, na gaji da jiran wanda ban san ko yana raye ba. Shi kuwa Baba, Malam Abdulkarim mai taki da maganin feshi, kowa a garin nan ya san magana ɗaya yake yi. Ranar da ya ce wa mutane "na ba ku", to an gama, ko kukan jini zan yi.

Bari in koma baya kaɗan don sababbin zuwa.

Aikina, 'yan unguwarmu danne-danne suke ce masa. Wani ƙaramin kamfani nake yi wa aiki a Kaduna, amma daga ɗakina nake yi. Firij masu aiki da hasken rana muke rabawa a rugage, don ajiye allurar rigakafin shanu. Kowane firij da 'yar na'urarsa mai layin waya. A ofis kuma akwai babbar kwamfuta da ba ta barci, ita muke kira saba. Ni na rubuta shirin da ke sa saba ta riƙa kiran firij ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ta hanyar HTTP, irin yadda wayarki ke kiran shafin nan in kin danna shi. Ta ƙwanƙwasa ta ce, "Sanyinka nawa?" Firij ya amsa. In sanyi ya yi ƙasa mu sanar, kafin magani ya lalace.

Ja'afaru shi ne mai kula da firij ɗin wata ruga can gaba da Randagi, a bakin daji. Ya yi karatun kiwon lafiyar dabbobi, ya koma cikin danginsa. Ranar da ya zo gidanmu in koya masa yadda na'urar take, da kwalbar man shanu ya zo wa Mama, an ɗaure bakinta da kaba. Dogo ne, ba ya kallon mutum in yana magana, sai in mutum ya juya. Ya nuna wani ɗan gurbi a allon na'urar ya ce, "Malama, nan fa na mene ne?"

Na ce, "Na rubuta matsala ne. In wani abu ya lalace ka rubuta, in saba ta kira zai zo min tare da amsar."

Ya ce, "Kowace irin matsala?"

Na ce, "Kowace iri."

Ya koma, ya hau wata doguwar ɗorawa ya ɗaura eriya a ƙololuwarta, don a ƙasa ba a samun layi ko na rantsuwa. Washegari amsar farko ta iso. Sanyi daidai. A gurbin matsala kuwa an rubuta: "Firij lafiya lau. Mai firij ne ba lafiya tun da ya baro Birnin Gwari."

Jama'a, na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Na kifa kaina a filo ina dariya ni kaɗai, Mama ta leƙo ta ce ko aljanu ne.

Za ku ce me ya hana shi kirana a waya kamar kowa. Wanda bai san dajinmu ba ne zai tambaya. A can ba a yawo da babbar waya. In aka tare ka a hanya aka gan ta, sai a ce kai ke kai rahoto. In ka cika shigowa gari kuma, a nan ma da ido ake bin saurayi irinsa. Shi ya sa firij ya zama ɗan aikenmu. Na gyara shirin yadda in firij ya amsa, saba za ta sake komawa ta miƙa masa nawa layin ya fito a ɗan allon. Ya rubuto min ranar da saniyarsa ta haihu, ya ce ya sa wa 'yar maraƙar sunan da ba zai faɗa ba. Na rubuta masa ranar da na ƙona tuwo. A haka muka ƙare rani.

Maganar ta kai kunnen Baba ta bakin Mama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba ni da ƙin kowa don inda ya fito. Ya turo manyansa kafin a gama noman farko. In ba su zo ba, kar a sake kawo min zancen." Na aika wa Ja'afaru. Amsarsa ta zo: "Na gaya wa Baffa Bakoji. Ya yi shiru, ya yi murmushi. A wurinmu an amince ke nan."

Daga wannan ban sake samun komai ba. Ruwa ya sauka, daji ya yi duhu, layin Randagi a shafin aikinmu ya koma ja, da kalmomi biyu a gefensa: babu amsa.

A ofis ba wanda ya damu sosai. Firij ɗin yankinmu sun saba ɓacewa, wani an tashi an bar shi, wani an kwashe batirinsa. Ogan namu, Andrawus, ya ce a bari sai kaka a tura a duba. Ni kuwa kafin in wanke fuska nake buɗe shafin nan. Ja. In na idar da sallah in buɗe. Ja. Na je kasuwa wurin masu nono na tsuguna kamar mai ciniki, na tambaye su mutanen rugar. Suka kalli juna, babbarsu ta ce, "Allah ya sani, 'yar nan." Yanzu ba mai faɗa maka inda wani yake, ko da ya sani, kuma ban ga laifinsu ba. In hadari ya taso ta wajen Randagi sai in tsaya a tsakar gida ina kallonsa, ina cewa wannan ruwan ya fara taɓa shi kafin ya zo min. Kwalbar man shanun nan ta ƙare tuntuni, amma tana ƙasan akwatina, har yau in na buɗe ta da sauran ƙamshi. Wallahi na yi kewarsa har abinci ya daina min ɗanɗano. Wata rana in ce an kashe shi, in yi kuka. Wata rana in ce dangi sun ba shi 'yar uwarsa ya yi shiru don kunya, in yi fushi, in sake yin kuka. Aka gama noman farko, ba wanda ya zo. Na ce wa Mama to.

Mu dawo ranar kasuwa. Da hantsi Mama ta fita sayo kayan miya, Baba yana shago. Ni ina ɗaki na miƙe ƙafafu a kan leda, an ƙunsa min lalle a ƙafa da hannun hagu, na toshe kunnuwana da abin sauraro don kar in ji tunanina. Sai ga Gwaggo Talatu, yayar Baba da ta zo daga Kazage don hidimar nan, ta banko labule tana haki, hannu ɗaya a gwiwa.

"Ke Ummi, kurmancewa kika yi?"

Na zare abin kunnen. "Na'am Gwaggo?"

"Na'am ɗin gidanku! Mutum ya yi sallama a ƙofa, murya can ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. Ina bayan ɗaki ina tsinke zogale. Na amsa, wallahi na amsa! Amma kafin muryata ta ƙetare tsakar gida, kafin in lallaɓa da gwiwoyin nan in kai zaure, bawan Allah ya kama gabansa. Daga nesa kawai na hango shi."

Na ce, "Masu neman taki ne, Gwaggo. Za su same shi a shago."

Ta zauna a bakin gadona, saura kaɗan ta danne leshin, tana ta mita. "Mutanen yanzu ba haƙuri. Ka yi sallama, ka tsaya mana! Ka sake yi, ka ƙara tsayawa. Gida da zurfi, tsohuwa da ciwo. Yanzu shi zai je ya ce ba kowa a gidan, alhali ina ciki ina amsawa."

Ban san me ya faru da ni ba. Kamar an watsa min ruwan randa a baya. Ina ciki ina amsawa. Na jawo kwamfutata da hannun dama, na hagu yana sama da ƙunshinsa.

Ku bi ni a hankali a nan, ba wuya. In saba ta kira firij, jira biyu take yi. Na farko jiran a ɗauka, wato ta samu ƙofar. Na biyu jiran a ba ta amsa bayan ta yi tambaya. Kowanne da iyakar lokacinsa, in ya wuce sai ta katse ta tafi. Shafin da nake ta kallo duk makonnin nan bai bambanta su, kowanne ya faru "babu amsa" yake rubutawa. Amma a can baya saba tana ajiye bayanin kowane kira. Ni da na rubuta shirin, ban taɓa leƙawa ba, don tsoro nake in ga abin da zai tabbatar min ya mutu.

Na buɗe. Na bi kiran Randagi ɗaya bayan ɗaya. An ɗauka. An ɗauka. An ɗauka. Babu ranar da ba a ɗauka ba! Na'urar tana raye, batirinta yana raye, eriyar tana kan ɗorawarta. A jira na biyu ne kullum ake katsewa.

Na buɗe inda ake saita kiran. Da hannuna na ba shi minti guda tun farko, na ce in ya faɗi a sake gwadawa. Abin da na gani daƙiƙa biyar ne, sake gwadawar ma an cire.

Na ɗauki waya na rubuta wa Praise, abokiyar aikina ta Kaduna, wadda ita kaɗai ta san sirrin firij ɗin nan, har tana ce min amaryar sanyi.

"Praise, wa ya taɓa lokacin jira?"

"Ni ce, Bara. Lokacin da muka koma sabuwar saba. Oga ya ce masu jinkiri suna riƙe layi, na yi wa kowa biyar. Lafiya?"

"Na Randagi fa?"

"Ya amsa ranar da na gwada. Duka suka amsa."

"Da rani kika gwada, bishiyoyi ba ganye. Yanzu daji ya rufe, ga hadari kullum. Amsar rarrafowa take."

Na ga tana rubutu, ta goge, ta sake rubutu, ta goge. Can ta turo: "Wayyo Allah. Bara, yau ne fa suke zuwa ko?"

Ba ni da lokacin fushi da ita, kuma ita ba ta taɓa ganin yadda damina ke cinye dajinmu ba. Na ware wa firij ɗin Randagi nasa saitin shi kaɗai, don kar ya tare wa sauran hanya. Jiran amsa na ba shi minti biyu cur. Na ce in an katse a huta kaɗan a sake ƙwanƙwasawa, a kuma sakewa. Da hannu ɗaya abin ya gagara, na tuge ledar hannun hagu, lalle ya dangwale min madannai, ko a jikina. Na ce bismillah na tura kiran.

'Yar da'irar ta fara juyi. Gwaggo tana ta ba da labarin wani mai gyaran tukunya da ya yi mata irin haka a Kazage. Biyar ta wuce, nan ne kullum ake juya masa baya. Da'ira tana juyi. Na ji zakaran maƙwabta, na ji wani babur ya wuce. Na ce ya Allah, ko kalma ɗaya ce. Har na fara cewa ƙarya nake wa kaina.

Sai layin ya koma kore.

Sanyi daidai. Duk makonnin nan yana can yana goge faifan hasken rana, yana kula da maganinsa. A gurbin matsala kuwa:

"Bara'atu, kullum ina zaune fitilar na'urar ke kamawa in kin kira, kafin amsa ta fita sai ta mutu. Ban san laifina ba. Duk da haka Baffa Bakoji zai zo ranar kasuwa da hantsi. In ba a karɓe shi ba ba zai sake zuwa ba, ni ma ba zan sake tambaya ba. Da azahar babura ke juyowa."

Na sa hannu na toshe bakina, lalle ya shafe min fuska. Ashe yana ganina! Kullum yana zaune gaban 'yar fitilar nan yana kallo ina zuwa ina juyawa, yana zaton da gangan nake yi. Kuma gurbin nan saƙo ɗaya yake riƙewa, sabo yana goge tsoho. Duk abin da ya rubuta min a sauran kwanakin, na rarrashi ne, na fushi ne, na kewa ne, ya tafi, ba zan taɓa karanta shi ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo, har yanzu da nake rubuta muku.

Sai kuma kalmar hantsi ta dawo min. Na juya a hankali.

"Gwaggo, mutumin nan da ya yi sallama, yaya yake?"

"Ke kuma kukan me kike? Dogo ne siriri, da malafa da sanda a kafaɗa. Dattijo dai, na hango farin gemu da ya waiga. Ya ɗan tsaya yana kallon tabarmin zaure, sannan ya wuce."

Innalillahi. Ya ga sababbin tabarmi, ya ga darduma, ya ji ƙamshin girki. Dattijo irinsa ba sai an gaya masa ba, ya san gidan yana jiran wasu baƙin. Ya ratso dajin nan tun asuba a bayan babur, ta hanyar da mutane ke bi da addu'a a baki, ya zo ƙofarmu, ni ina kwance da abu a kunne.

Na duba agogon waya, rana ta kusa tsakiya. Na rubuta wa firij layi ɗaya: "Ban tafi ba, Ja'afaru." Na tura, na bar da'irar tana juyinta, wannan karon tana da lokaci. Na kwance ƙunshin ƙafa na watsa ruwa, lallen ko kamawa bai gama ba, ya fito fari-fari kamar na mai ciwo. Na zura hijabi a kan rigar zaman gida, na saka silifas ɗin Mama, Gwaggo tana kirana ina jin ta ban waiga ba.

A zaure na yi kiciɓis da Baba. Ya jingine babur ɗinsa a waje, ya shigo da ƙullin goro a ganye da kwalin alewa na baƙin la'asar. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ummi, ina za ki da rana tsaka, fuska duk lalle?"

Tun da aka haife ni ban taɓa kama sunan namiji a gaban Baba ba. Na durƙusa a kan sabuwar tabarmar.

"Baba, baƙonka ne ya zo ɗazu. Baffan Ja'afaru ne, daga Randagi. Ya yi sallama bai ji an amsa ba, ya juya. Da azahar za su koma."

Ya ajiye goron a kan darduma a hankali.

"An gama noman farko, Ummi."

"An gama, Baba. Saƙonsa ne bai iso ba, daga wajenmu matsalar take, ba daga wajensa ba."

"Na ce wa mutane su zo da la'asar."

"Ka ce su zo, Baba. Ba ka ce ka ba su ba tukuna."

Ni kaina na tsorata da abin da ya fito daga bakina. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji takun Gwaggo ta iso tana dafa bango.

Baba ya ce, "Yaya, da gaske ya yi sallama a ƙofata?"

"Ya yi, Audu. Ni na amsa, bai ji ba."

Baba ya kalli ƙofar. Sannan ya gyara zaman hularsa.

"Ba a yin sallama a ƙofata a koma ba a sha ruwa ba. Wannan ba maganar aure ba ce, kar ki sa wa ranki komai. Kuma ba 'yata ce za ta je tashar babura tana cigiyar dattijo ba. Koma ciki ki wanke fuskarki."

Ya fita. Na ji ya taka babur, ya ƙi tashi. Ya sake takawa, ya ƙi. A na gaba ya kama, kuma daidai lokacin ladanin masallacin unguwarmu ya ɗaga murya da kiran azahar.

Ban koma ciki ba, mutanena. Na ja ƙofar zaure na tsaya a bayanta, da silifas ɗin Mama da lallena da bai kama ba, na kasa kunne. Duk wanda zai yi sallama a gidan nan yau, ko da raɗa ya yi ta, zai tarar ina tsaye.